In za ku kai mu biki Zanzibar, dan Allah ku tsara mana fita

Yanzu dai abun ya zama yayi, a ɗaura aure a masallaci a Kano ko Kaduna ko Abuja, sai kuma a kwashi 'yan uwa na jiki da ƙawayen amarya da abokan ango a tafi wata ƙasa a yi dina. Wasu Dubai, wasu Masar, wasu kuma Zanzibar, wani tsibiri a ƙasar Tanzaniya, wanda nan ne muka je bikin ɗiyar yayata, kuma tunda na dawo na sa hotuna a status ake ta tambayata wai ya wajen yake, me ake yi a can. Toh amsar kenan zan bayar a nan gaba ɗaya, amma da iyayen biki nake magana musamman, saboda akwai abun da yake damuna. Dina awa huɗu ce ko biyar, an ci an sha an yi liƙi an tashi. Sauran kwanakin fa? Ka ɗauko mutum daga Gwale ko Tudun Wada, wani ma bai taɓa ganin teku da idonsa ba, ka kawo shi tsakiyar tekun Indiya, sai ka bar shi a ɗakin otal da esi da rimot yana jiran a kira shi hoto. Wallahi asara ce, kuma rashin kyautawa ne ga baƙon da ya bar sabgoginsa ya biyo ku.

Abubuwan hanya ba zan ja su ba. Ɗan Najeriya ya nemi bizar Tanzaniya ta intanet tun da wuri, kar ya ce sai ya sauka, a riƙe katin rigakafin cutar shawara, kuma tun watan Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya biya inshorarsu ta dole, dala 44. Leda an hana ta a ƙasar tun 2019, dan haka masu ƙulle kilishi da yaji a baƙar leda a nemi roba ko jakar yadi. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Kuma kar a sa biki a Afrilu ko Mayu, lokacin damina ce mai ƙarfi, ruwa sai ya wuni yana zuba. Daga Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, ba zafi sosai, iska na kaɗawa.

Babban abun da ya kamata mai tsara fita ya gane shi ne ruwan can ba a tsaye yake ba. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, teku yana janyewa sau biyu a rana ya dawo sau biyu, kuma in ya janye ba ɗan janyewa ba ne, sai ka tashi da safe ka ga inda jiya ruwa yake dukan katangar otal ya koma filin farin yashi, kwale-kwale suna kwance a ƙasa, ruwan yana can nesa sai dai ka hango farin kumfa inda yake karyewa a kan duwatsun murjani. Kullum kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Abun da ya burge ni shi ne lissafin duk na wata ne, irin wanda muka sani. Farkon watan Musulunci da ranakun 14 da 15 ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa, a tsakaninsu kuma sai ya yi laushi. Kawunmu da yake riƙe da kwanan wata a kansa shi ya riƙa gaya mana gobe ruwa zai yi nisa, kuma haka ake wayar gari a gani. Dan haka kafin ku rubuta firogiram ku ce ƙarfe goma wanka a teku, ku tambayi masu jirgi ko 'yan otal jadawalin ruwan wannan satin, shi za ku bi. In kuma kuna son inda za a shiga ruwa kusan kowane lokaci, ku kama otal a arewa, Nungwi ko Kendwa, can janyewar ba ta da yawa.

Sai maganar jerin kwanaki, wanda maza ba za su taɓa tunowa ba sai mu. Ruwan gishiri da yashi suna cin lalle, rana kuma tana ƙona fata ko da iska na busawa ba ka jin zafinta. Amaryar da ta sha dilka da halawa sati biyu ba za a kai ta tsakiyar teku ana gobe dina ba. Ko dai a yi fitar ruwa tun ranar farko kafin a zauna ƙunshi, ko a bari sai an gama dina kowa ya yi hotonsa da ankonsa. Mu bayan dina muka yi, kuma na ga ya fi, saboda hankalin uwar amarya ya kwanta, ita ma ta samu ta fita.

Fitar da matasa suka fi ɗoki ita ce ta Mnemba, wani ɗan tsibiri a arewa maso gabas, ana tashi daga wajen Matemwe a ƙaramin jirgi mai inji. Tsibirin kansa ba a sauka a kai, na masu otal ne, a gefensa ake tsayawa a sa gilashin ido da bututun numfashi a kifa fuska a ruwa ana kallon kifaye. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasa, kifaye masu ratsin baƙi da fari suna zuwa har gaban hancinka. Amma a nan nake so a ji ni da kyau. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma namiji ba zai faɗa a gaban abokai da 'yan mata cewa bai iya ba, sai ya yi shiru ya faɗa ruwa. Kafin kowa ya taka jirgi a ƙirga rigunan kariya, layif jaket ɗin nan, a tabbatar kowa ya samu daidai jikinsa an ɗaure masa igiya, har da yara, kuma a ƙirga mutane kafin a tashi a sake ƙirgawa kafin a juyo. In mai jirgi ya ce mutum goma yake ɗauka kar a ce ai yara ne a ƙara uku. A raba jirgi biyu, kuɗin bai kai na fulawar da aka zuba a hol ba. Mata kuma a nemi kayan wanka masu rufe jiki tun daga gida, riga da wando da hula masu kama jiki daidai, saboda doguwar abaya ko hijabi har ƙasa in ya jiƙe nauyi yake yi yana naɗe ƙafa, haɗari ne sosai.

A wannan hanyar ana yawan ganin dolfin, wata dabbar ruwa mai kama da babban kifi, haka ma a Kizimkazi can kudu. Gaskiya abun da na gani bai min daɗi ba, jirage da yawa suna bin dabbobin nan da gudu suna kewaye su, mutane na dirowa a kansu dan a yi bidiyo. Ku ce wa mai jirginku ya rage inji ya tsaya daga nesa, za ku gan su suna fitowa suna nutsewa, ya isa. In kun je Kizimkazi ma akwai abun da ya fi wannan, tsohon masallacin Dimbani, wanda rubutun da ke jikin bangonsa ya nuna shekarar 500 ta Hijira, wato 1107 Miladiyya, yana cikin mafi daɗewa a gabashin Afirka. Dattawanmu sun fi jin daɗin wannan fiye da komai na ruwa.

Tunda na ambaci dattawa, su ne aka fi mantawa da su a irin wannan tsarin, ana ganin ai Hajiya ba za ta iya ba, a bar ta ta huta. Ku kai su gonar kayan ƙamshi, wajen Kizimbani ko Kidichi, ba nisa daga cikin gari, tafiya ce a inuwa a hankali. Goggonmu shekara da shekaru tana haɗa kayan shayi da yajin jego, amma ba ta taɓa ganin kanumfari a bishiyarsa ba sai ranar. Ashe toho ne na fure, ana tsinke shi tun bai buɗe ba yana ɗan ja-ja, sai an shanya shi a tabarma kwanaki sannan ya yi baƙi ya zama wanda muke saya a Kurmi. Yaron da yake zagawa da mu ya kankaro ɓawon wata bishiya da wuƙa ya miƙa mata, ta shinshina tace "kirfa ce wannan, ɗan nan", ya tono saiwa ya karya ta ga kurkum ɗanye ya ɓata mata yatsa da rawaya, ga masoro yana hawa jikin wata bishiya kore shar a jere a zangarniya, ga gyaɗar ƙamshi a cikin ɗanta da jan zare naɗe da ita. Ta dinga kiran yayata tana cewa "zo ki gani, zo ki gani", ta manta da ciwon gwiwar gaba ɗaya. Kanumfarin nan shi ya yi wa Zanzibar suna tun ƙarni na 19 lokacin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat, kuma bayi ne suka yi aikin gonakin, wannan ma ya kamata a gaya wa yara su sani. Yanzu mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake fitowa.

Dajin Jozani ma dattawa za su iya. Tun 2004 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, kuma a nan ake ganin jan birin nan da babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar, bayansa ja, gashin kansa fari a tsaitsaye. Ba sa gudun mutane, suna zaune a reshe suna cin ganye, amma ba a ba su abinci ba a taɓa su. Akwai kuma gadar katako da aka shimfiɗa a cikin bishiyoyin da suke tsirowa a ruwan gishiri, ana bi a ƙafa. Awa biyu ta isa, a sa takalmi rufaffe.

Daga Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi a 2000, ana hawa jirgi kamar rabin awa zuwa Changuu, wanda ake ce wa tsibirin kurkuku. An gina gidan yarin a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, killace masu cuta aka riƙa yi a wajen. Abun kallo su ne manyan kunkuru da aka kawo kyauta daga tsibiran Seshel a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, girmansu sai ka gani da ido. A riƙe yara kar su hau bayansu. Yawanci ana haɗa wannan fitar da Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku wanda in ruwa ya cika yake nutsewa gaba ɗaya, babu bishiya ko ɗaya sai rumfar da masu jirgi suke kafawa su gasa kifi da jatan lande. A can azahar ta same mu, maza suka yi alwala da ruwan teku suka shimfiɗa rawani da tawul suka haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Ku lura, alƙibla a can arewa take kallo, Makka tana saman Zanzibar ne kusan a miƙe, wanda ya saba da gabas sai ya juya ba daidai ba in bai tambaya ba. Kuma banɗaki babu a tudun nan, a faɗa wa mata da masu ciwon suga tun kafin a taso.

Abokan ango masu jin ƙarfi su je Paje, can ake wasan da iska take jan mutum da wata babbar lema yana tsaye a kan allo a saman ruwa, akwai masu koyarwa, amma ba abun da ake iyawa a yini ɗaya ba ne, kar wani ya karya ƙafa ana saura kwana biyu ya koma ofis. Ni abun da ya fi tsaya min a rai a wannan gefen matan Jambiani ne, in ruwa ya janye sai su shiga da zannuwansu da mayafi suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku, su kwaso wadda ta yi su ɗoro a ka su kawo shanya, da ita ake sabulu da man shafawa. Sana'arsu ce, da ita suke ciyar da gida. Kar a je a kafa musu waya a fuska ba sallama, a gaisa, a nemi izini, in da hali a sayi sabulun a hannunsu a kai tsaraba. In za a taka cikin wajen a sa takalmin roba saboda akwai wata halitta mai ƙaya baƙa a cikin duwatsu, in ta soki ƙafa an gama yawo ranar. Mutanen nan Musulmi ne mafi yawansu, kunyarsu irin tamu ce, dan haka shigar da aka yi a bakin ruwan otal ba da ita za a shiga ƙauye ko kasuwa ba, mu da muka san wannan tun daga gida bai kamata a gan mu cikin masu yi ba.

Maganar kuɗi kuma a yi ta a fili. A rubuta a guruf ɗin WhatsApp tun kafin a taso, wannan fitar iyayen biki ne suka biya, waccan kowa zai biya wa kansa, ga kuɗinta. Akwai wadda ta ci bashi ta ɗinka anko ta sayi tikiti dan zumunci, in aka zo bakin jirgi aka ce a kawo dala kaza sai ta ce kanta ke ciwo ta koma ɗaki, kuma ba wanda zai gane dalili. Ko fita ɗaya ce ku ɗauki nauyinta ga kowa da kowa, a rage wani abu a kayan ado. A naɗa mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙe sunaye da lambar ɗakin kowa da maganin amai na masu jin jiri a jirgi. Daren ƙarshe kuma a kwashi kowa a je Forodhani bayan magariba, filin da ke bakin ruwa a Stone Town, shiga kyauta ne, ga ruwan rake da citta da lemun tsami ana matsewa a gabanka, ga tsire da gasasshen kifi, sai dai a tambayi farashi kafin a zuba a faranti, kuma a zaɓi wanda aka gasa yanzu da zafinsa tunda washegari akwai doguwar tafiya a jirgi.