Abin da na gani a aikin ciwon sanyi tsakanin samarin Latin Amurka

Na yi aikin jinya a wani ƙaramin asibitin unguwa a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, inda yawancin mazan da ke zuwa samari ne daga Meziko, Gwatamala da Honduras, masu aikin gini, gonakin taba da masana'antun kaji. Da aka ɗora mini sashen cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, an ɗauka rashin sani ne matsalarsu, shi ya sa aka jibge mini takardun faɗakarwa da Sifaniyanci. Har yau takardun nan suna ba ni haushi, domin samarin sun san kwaroron roba sarai, wasunsu ma da shi suke yawo a aljihu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne lokacin da suke ajiye shi. Saurayi zai sa shi idan ya haɗu da macen da bai sani ba, amma da zarar budurwa ta zama tasa sai ya daina, saboda a wurinsu fito da shi a gaban wadda aka amince da ita tamkar zarginta ne, ko kuma tona wa kai asiri. Ita kuwa kilamidiya, ɗaya daga cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, sau da yawa ba ta nuna wata alama, kuma hukumar CDC, mai kula da yaƙi da cututtuka a Amurka, matan da ke jima'i waɗanda ba su kai shekara 25 ba ta ce a riƙa gwadawa duk shekara, ba ta sa mazan da ke neman mata kaɗai a wannan tsari ba. Saboda haka sai fitsari ya fara zafi muke ganin namiji, galibi bayan ya sha wasu ƙwayoyi da ya saya a shagon 'yan ƙasarsu, kamar yadda namu ke yi a kyamis.

Maganin ba shi da wuya. Kilamidiya ana shan doxycycline miligiram 100 sau biyu a rana har kwana 7, ciwon sanyi kuma allurar ceftriaxone miligiram 500 ce sau ɗaya. Ɓacin ran yana zuwa ne bayan wata 3, lokacin maimaita gwaji, sa'ad da wanda ya shanye maganinsa tsaf ya dawo da cutar, don kawai budurwarsa ba ta ji komai ba, ba ta sha komai ba. Ita ce kuma ke cikin hatsari mafi girma, tunda cutar na iya toshe mata hanyar ƙwai ta hana ta haihuwa.

Shawarata ga duk wanda ya shiga wannan aiki ita ce ya fara da maganar budurwar kafin ya buɗe kwalbar magani. Yawancin jihohin Amurka sun yarda a ba majinyaci maganin da zai kai wa abokiyar kwanciyarsa ba tare da an duba ta ba, amma na lura maganin a mota yake kwana idan ba a zauna da saurayin an tsara kalmomin da zai faɗa mata ba. Sai na riƙa nanata masa cewa cutar na iya daɗewa a jiki shiru, don haka gwajin ba ya nuna wanda ya kawo ta, kuma wannan ne ke sa kafaɗunsa su sauka.

Kada a bari abokinsa ya yi tafinta, domin a gaban aboki kowa gwarzo ne. A gaya masa tun a bakin ƙofa cewa ba mu tambayar takardar izinin zama, a kuma tuna masa su haƙura da saduwa da juna kwana 7, ana ƙirgawa daga ranar da ita ma ta fara shan nata.