Abin da na tsinta a akwatin Kawu

Ran Asabar muna kwashe kayan ɗakin marigayi Kawu a Tudun Wada, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da wani ɗan siririn abu baƙi a ƙasan akwatin ƙarfe, tsawonsa bai kai biro ba, baki ɗaya da zoben azurfa ɗayan kuma a matse duk shatin haƙori. Ni wallahi na ɗauka usur ne har na kai baki zan busa, Goggo ta daka min tsawa, "kai ajiye, lofen sigarin kawunka ne tun yana aikin reluwe."

Ba irin lofen tsofaffi ba ne mai tukunya da ake ɗura taba a ciki. Wannan mariƙi ne kawai, ka soka karan sigari a baki ɗaya ka zuƙa ta ɗayan. Kuma fa ba gayu zalla ba ne, don sigarin da can ba ta da filta, sai wajajen 1950 zuwa 1960 mai filta ta bazu, kafin nan ɓurɓushin taba na shiga baki, takarda ta manne a leɓe, yatsu su rine su yi ɗorawa, ga hayaƙi na shiga ido. Matan Turai su dogo suke riƙewa saboda kar toka ta zubar musu a riga ko safar hannu ta ɓaci, akwai na hauren giwa akwai na azurfa akwai na roba. Tsohon shugaban Amurka Franklin Roosevelt ma hotunansa da yawa da abin nan ne a bakinsa ya ɗaga shi sama.

Kawu dai Goggo ta ce saboda farar babbar riga ya saya, wai kar a ga tabon wuta a aikin wuya, kuma kar surukai su ga yatsunsa su gane. To surukan ba su da hanci ne? Tarin dai bai bar shi ba har ya daina sha bayan ya dawo daga Makka, shi abin nan riga yake karewa ba ƙirji ba.

Na zura tsinken ashana a ramin don in ga ko a toshe yake, sai ga wani baƙin danƙo kamar kwalta ya biyo tsinken, shekara nawa amma warin na nan. Goggo ta toshe hanci da mayafi ta ce in fita da shi tsakar gida.