Na shiga haɗa takin zamani a Tahoua, fotas ya zaunar da ni

Samari da yawa masu ɗan jari na ta kirana suna tambaya wai harkar haɗa taki na da riba? Tunda sun ji na taɓa yi. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji don wallahi na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai raina ya sake ɓaci.

Ni sayar da angire, wato takin zamani, na daɗe ina yi, ure da kanz-kanz (15-15-15), mafi yawan masu saye wurina 'yan albasa ne na wajen Galmi da Madawa da Tabalak, sai 'yan kaɗan masu hatsi da damina. Da can kowa ya sani taki na CAIMA ne, hukumar gwamnati mai samar da kayan noma, ka jira na gwamnati mai rangwame, in ya zo ya zo. Daga wajen 2018 aka soma gyaran harkar, a hankali aka sakar ma 'yan kasuwa shigo da kaya da sayarwa. Nan ne na ce to ni me zai sa in tsaya ina cin ɗari biyar ko jika ɗaya kan buhun da wani ya haɗa, alhali haɗawar ba wani sihiri ba ne?

Kuma da gaske ba sihiri ba ne, ga lissafin ma. In kana son tan ɗaya na 15-15-15, DAP, wato takin fosfat, wajen kilo 326 za ka sa, ure wajen kilo 198, fotas, wato takin fotasiyam, kilo 250. In ka tara bai kai kilo 780 ba. Sauran kilo ɗari biyu da wani abu ciko ne kawai, ba abinci ba ne ga shuka, ana sa shi don tan ya cika. Ranar da na fara yin wanga lissafi ban yi barci ba, na ce ashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kowane buhu da muke ɗaukowa tun daga teku ciko ne muke biya ma kuɗin kamiyo da na duwan! Kuma mu nan Tahoua Allah ya ba mu dutsen fosfat ƙarƙashin ƙafarmu, wanda tun shekarun 1970 aka taɓa haƙa ana niƙawa. Na ce shi ke nan, ciko na zai zama garin fosfat ɗinmu, manomi ya samu ƙari kyauta, ni in samu rahusa.

Sayen inji da kafa shi da samun mangaza da ɗinkin buhuna duk wannan ya tafi daidai, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Injin ma ba komi ba ne, babban duro ne mai juyawa da sikeli da abin ɗinki, wanda ya iya gyaran injin markaɗe zai iya gyara shi.

Abin da ban gane ba a lokacin, ko in ce na sani da baki amma bai shiga jikina ba, shi ne mai haɗa taki ba shi ne mai masana'anta ba. Masu masana'anta na can. Ure da iskar gas ake yin ta, ana ɗauko sinadarin naitirojin daga iskar da muke shaƙa a haɗa da gas a samu amoniya, daga amoniyar a yi ure, kuma gas ɗin nan shi ke cin mafi yawan kuɗin, har ya wuce kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa. Shi ya sa wanda ke zaune kan gas mai arha shi ke da kasuwa. Dangote ya zuba wajen dala biliyan biyu da rabi na Amurka a Lekki, masana'antar da za ta iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, aka buɗe ta a watan Maris na 2022, ga Indorama can wajen Fatakwal. Fosfat kuwa Maroko ce ke riƙe da wajen kashi 70 na abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasa a duniya. Fotas, mafi yawanshi Kanada da Rasha da Belarus ne. To kai mai duro mai juyawa a Tahoua duk waɗannan mutane uku kake jira, kuma dole su zo tare. Dole. In biyu sun zo ɗaya bai zo ba, ba ka da kanz-kanz, kana da tarin kuɗi ne kwance cikin mangaza.

Ni fotas ne bai zo ba.

Shekarar 2022 ce, kun tuna yadda ta kasance. Yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a watan Fabrairu, ure a kasuwar duniya ta haura dala 900 kowane tan wajen Afrilu, ga Sin ta riga ta taƙaita fitar da nata tun ƙarshen 2021, ga takunkumi kan Belarus. Nan gida buhu ya yi tsadar da manoma suka koma sayen tiya-tiya. Ni kuwa na ga dama ce, na ce duk wanda ke da kaya a hannu lokacin dashen albasa shi ne sarki. Na sayi ure ta hanyar Konni, ta iso ba matsala. DAP ya biyo ta Kwatano, Malanbil, Gaya, Dosso, ya iso. Fotas na ba wani ɗan kasuwa a Yamai kuɗi gaba ɗaya, ba rabi ba, gaba ɗaya, don ya ce kaya na kan ruwa kuma in ban biya ba wasu na jira. Ba zan kama sunanshi ba, shi ya san kanshi.

Oktoba ta wuce, "Alhaji kaya sun iso tashar jirgin ruwa, takardu ne suka rage". Nuwamba, "Alhaji kamiyo ne babu, duk sun tafi ɗaukar wani abu". Mutane sun dasa albasa, sun yi ban ruwa, lokacin zuba taki na fari ya zo, suna zuwa mangaza suna ganin buhuna har rufi amma ba abin da suke so. Albasa ba ta san takardun duwan ba jama'a, in lokacinta ya yi ya yi. Masu saye wurina shekara da shekaru suka wuce gaba suka sayi na wasu, kuma ban ga laifinsu ba.

Za ku ce me ya hana ka sayar da ure ɗin da DAP haka nan? Na sayar da wani abu, amma kullum ina riƙe da sauran don ana ce mini gobe fotas zai taso, in na sayar ya iso da me zan haɗa? Haka mutumin nan ya ɗaure ni da gobe, gobe. Da ya fito tun farko ya ce Alhaji kayan nan ba za su samu ba kafin sabuwar shekara, wallahi da na fita da ɗan abin da zan fita da shi. Wannan ne har yau ke ci mini rai, ba jinkirin ba, rashin faɗin gaskiyar.

Sai cikin Janairu fotas ya iso. Na haɗa, na haɗa da zafin rai, sai wata sabuwa ta ɓullo. Garin fosfat ɗin da na sa ciko gari ne, sauran kuwa ƙwaya-ƙwaya, kafin kamiyo ya kai Madawa girgizar hanya ta tura garin duk ya koma gindin buhu. Wani dattijo da ke saye wurin mahaifina tun ina yaro ya buɗe buhu ya tura hannu har ƙasa ya ɗebo, ya dube ni ya ce "Ɗana, wanga fa? Ƙasa ka zuba muna?" Na ce "Baba ba ƙasa ba ce, fosfat ne na nan garinmu, yana gyara gona." Ya ce "To na ji, amma iska za ta kai shi gonar maƙwabcina, kuma albasata wata huɗu gare ta, ba ta jiran gyaran baɗi." Kuma gaskiyarshi. Fosfat ɗin da bai bi ta masana'anta an dafa shi da asid ba a hankali yake narkewa, yana da amfani a jigawa mai tsami cikin shekaru, amma ba ga mai son ya ga ganye ya yi kore cikin sati ba. Ga kuma ido: manominmu ya saba da kanz-kanz wanda kowace ƙwaya kala ɗaya ce, da ya ga fari da ja da toka-toka a gauraye sai ya ɗauka algus ne. Ban ga laifinshi ba nan ma, an sha cutarsu da yashi da tsakuwa cikin buhu.

Amma ko wannan da fotas ya zo kan lokaci da na gano shi tun buhunan farko a Oktoba, in canza ciko in ci gaba. Da ya zo a makare ba ni da lokacin gwaji, na haɗa da yawa lokaci guda.

Sannan kasuwa ta juya. Wannan shi ne abin da nake so masu jari su saurara da kyau. Taki ba kamar siminti ba ne da za ka ce in bai fita yau ba zai fita gobe kusan kuɗi ɗaya. Gas ya sauka a Turai, ure ta biyo shi, kafin tsakiyar 2023 tan ya dawo ƙasa da dala 300. Abin da na saya da tsada ya zama ana kawo sabo fil da arha. A watan Yuni na 2023 kuma Najeriya ta saki naira ta faɗi, kayan can suka ƙara sauƙi ga mai sefa a hannu, duk wanda ke da babur yana iya shigo da buhu biyu ta daji ya karya maka kasuwa. Ni ina zaune da tsohon kaya, banki na lissafin kuɗinta kowane wata, haya na tafiya, mai gadi na jiran albashi. Damina ta sauka, ure kuma kun san halinta da laima, tana shan danshi ta dunƙule, wadda aka riga aka gauraya ma ta fi saurin yi. Buhunan da ke ƙasa suka zama dutse, sai da muka sa yara da taɓarya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe iyakoki, hanyar Kwatano ta mutu, kaya sai ta Lome su ratso Burkina da rakiyar sojoji, taki ya sake yin wuya, nan ne na samu na fitar da ragowar. Kada wani ya ce ashe ka ci riba, a'a, rage asara na yi, kuma ba dabarata ba ce, abin da ya sami ƙasa ne, ba abin murna ba.

Yanzu in ka tambaye ni ina ribar take cikin harkar taki, zan ce maka tana wurin mai gas da mai ma'adini, sai mai babban jari da zai iya sayen jirgi guda ya sa sharaɗi. Mai haɗawa ɗan abin da ke tsakani yake ci, kuma wannan ɗan abin kwana yake ƙirgawa. Kasuwarmu ma ƙarama ce, tun 2006 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka ce a kai kilo 50 kowace hekta, mu nan har yau muna nesa ƙwarai da wannan. Mai hatsi in ma ya saya ɗan tsunkule yake sawa a rami, irin dabarar da masu binciken noma na Sadore kusa da Yamai suka koyar, giram 6 na kanz-kanz ko giram 2 na DAP kowane rami. Dabara ce mai kyau wallahi, ta taimaki talaka, amma ga mai inji ma'anarta ƙauye guda ba zai cinye abin da za ka haɗa kafin azahar ba. Injin zai yi aiki wata biyu ko uku a shekara, sauran watanni yana shan ƙura kuɗinka na ciki. Masu kuɗin saye da gaske su ne 'yan albasa da 'yan shinkafa da masu lambu, su kuma ƙofarsu ƴar ƙarama ce, in ta rufe sai baɗi.

Ban ce kada kowa ya yi ba. Wanda zai yi, ya fara da wanda ya fi wuyar samu, fotas ya shigo mangazarka ka gan shi da idonka ka taɓa shi, sannan ka je neman ure, don ita ure ga ta nan ƙetaren Konni ko yaushe kana iya samu. Ni na yi ta baibai, na tara mai sauƙi na zauna jiran mai wuya. Kada ka biya kowa kuɗi duka kan kaya na kan ruwa ko da ɗan ɗakinku ne, a rubuta ranar isowa, a rubuta abin da zai faru in ranar ta wuce. Cikonka ya zama ƙwaya daidai girman sauran. Ka nemi ƙungiyar manoma ku yi magana tun kafin ka saya su faɗi buhu nawa suke so, ka kai musu samfur su zuba a ɗan fili su gani, ka kai wani a auna maka a ɗakin bincike ka riƙe takardar. Kuma ka riƙa bin labarin gas da na Indiya, don duk lokacin da Indiya ta fito sayen ure da yawa kasuwar duniya sai ta motsa, bayan wasu makonni ka ji shi a Tahoua.

Fosfat ɗinmu kuwa har yanzu ina ganin akwai abin yi da shi, amma ba aikin mutum ɗaya mai duro ba ne, sai an samu masu jari da za su mai da shi ƙwaya ko su dafa shi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwa. Ni dai bana na koma sayen haɗaɗɗe, kaɗan-kaɗan, in ya ƙare in ƙaro. Mutumin Yamai ya sake kirana kwanan baya wai akwai fotas mai sauƙi yana hanya, na ce mishi in ya iso ƙofar mangazata ya kira ni in fito da sikeli.