Ranar da ɗalibai duka suka koma "Dalibi object"

Wata Islamiyya da ke unguwarmu ce ta nemi in haɗa mata ƴar manhajar rajistar ɗalibai da kuɗin makaranta. Na ɗauki Django, wani tsarin haɗa manhajojin yanar gizo da yaren kwamfuta na Python, saboda yana zuwa da shafin gudanarwarsa: ka bayyana masa jadawalinka, shi kuma ya ƙera maka fom da jeri. Dama a ofishin wata jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka aka gina shi, aka sake shi ga jama'a a 2005.

Ranar gwaji, malamin da ke riƙe da littafin kuɗi ya zauna zai yanka rasit. Ya danna akwatin zaɓen ɗalibi, sai ga jeri: Dalibi object (1), Dalibi object (2), haka har ƙasa. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Injiniya, su wane ne waɗannan? Mu dai ba mu da yaro mai wannan suna."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni minti biyar."

Laifina ne. Django bai san wane gurbi ne ke ɗauke da sunan mutum ba, in ba ka gaya masa ba sai ya haɗa sunan jadawalin da lambar layin ya miƙo. Maganin kuwa ɗan aiki ne mai suna `__str__`, wanda ke gaya wa Django sunan da zai nuna wa kowane layi, na rubuta shi ya dawo da `self.suna`, wato gurbin sunan yaron. Sunaye suka fito, Malam ya yi murmushi, ni ma na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Washegari ya kira ni: Muhammad huɗu ne a jere, wanne zai zaɓa? Sai na cusa sunan uba, da lambar shiga, da ajin yaro duk cikin `__str__`. Nan na jawo wa kaina. Sunan aji a wani jadawali daban yake zaune, don haka kowane ɗalibi da za a nuna sai manhajar ta sake komawa rumbun bayanai ta tambayo ajinsa. Yara 300, tambaya 301 ke nan, don a buɗe akwati guda. Akwai wani umarnin Django, `select_related`, da ke kwaso su a tafiya ɗaya, kuma ya yi aiki. Amma da na yi tunani sai na ga ainihin kuskuren shi ne ɗora wa `__str__` kayan da ba nasa ba. Ko'ina ake kiransa: a fom, a shafin gogewa, a tarihin gyare-gyare. Na rage shi ya koma suna, sunan uba da lambar shiga, abubuwan da ke kan layin yaron kansa. Fom ɗin rasit kaɗai ke bukatar aji, shi na yi wa nasa lakabin da `label_from_instance`.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne jadawalin iyaye. Na sa ya riƙa dawo da lambar waya, alhali na yarda a bar gurbin babu komai. Wani uba ba shi da waya, aikin ya dawo da `None`, wato babu komai, Python kuma ba ya karɓar komai daga `__str__` sai rubutu. Shafin duka ya faɗi. Ko goge layin ban iya yi daga shafin gudanarwa ba, domin shafin gogewar ma sai ya fara kiran sunan abin da zai goge. Tun daga ranar nake gwada kowane `__str__` da layin da guraben cikinsa suke wayam.

Su "B" da "S", gajerun alamomin da ke fitowa a gurbin biyan kuɗi mai suna `matsayi`, ba su ba ni wahala ba, `get_matsayi_display()` ya mayar da su "Ya biya" da "Saura".

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. A kwamfutata komai lafiya, amma da muka ɗora a sabar da muka yi haya, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar a intanet, Ɗanladi ya zama ?anladi. Rumbun bayanan can tsohon MySQL ne, jadawalinsa na kan tsarin haruffa na latin1, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa. Sai a MySQL 8.0 ne utf8mb4, tsarin da ke ɗauke da haruffanmu, ya zama na asali. Na sauya tsarin, amma harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa. Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna da Malam, shi yana karanto sunaye daga tsohon littafin rajista, ni ina sake bugawa ɗaya bayan ɗaya.