Kafin ka ci bashin gida, zauna ka buga lissafin wata

Da zarar an ce wa ma'aikaci ga gida na miliyan 10, za ka biya cikin shekara 20, sai ka ga ya zaro waya ya raba miliyan 10 gida 240, ta ba shi dubu 41 da ɗari shida da 'yan kai, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Toh banki ba haka yake lissafi ba. Kuɗin ruwa duk wata ake ɗora shi a kan abin da ya rage maka na bashin, shi ya sa adadin da zai fito ya sha bamban da naka.

Mu ɗauki asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, da yawanmu ma ba mu taɓa duba takardar albashi mun ga cirewar ba. Bankin bada lamunin gidaje na tarayya, FMBN, shi ke riƙe da kuɗin, ruwansa kashi 6 ne a shekara, kuma ana iya jan biyan har shekara 30. A wannan ruwan, kowace miliyan ɗaya da ka ci za ka riƙa biyan kusan dubu 6 a wata in shekara 30 ce, in 20 ce kusan 7,200, in 15 ce wajen 8,400. Ka haddace ukun nan kawai, ko a tsaye a gaban dillali za ka iya lissafinka. Kenan miliyan 10 ɗin nan a shekara 20 ta kama 71,600 da wani abu a wata, ba 41 ba, kuma ranar da ka gama ka zuba sama da miliyan 17. In ka ja ta shekara 30 wata zai yi sauƙi, 59,955, amma jimilla ta haura miliyan 21 da rabi.

Abin da ke ba mutane haushi shi ne farkon biyan. A wannan 59,955 ɗin, watan farko dubu 50 cif ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai dubu 10 ba, sai ka shekara biyar kana biya ka je ka duba ka tarar har yanzu ana bin ka sama da miliyan 9, ka ce wallahi cuta ake, alhali haka tsarin yake tun ranar da ka sa hannu, sai can tsakiyar tafiya ne uwar kuɗin ke fara zaftarewa da gaske.

Ni a ganina ma daga albashi ya kamata a fara, ba daga gidan da ya burge uwargida ba. Ƙa'idar ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Mai son biyan dubu 60 sai albashinsa ya kai dubu 180. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, sulusinsa dubu 23 ne, wato bashin da bai cika miliyan 4 ba ko da an ba shi shekara 30 ɗin, kuma kai ma ka san me miliyan 4 za ta saya yau a Kano ko Kaduna, balle Abuja. Sannan ga shekaru. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, don haka ɗan shekara 45 ya daina kallon layin shekara 30, nasa layin na 15 ne.

Bankunan kasuwa kuwa wani labari ne daban. Mu ce ruwan kashi 25 ne, miliyan 10 a shekara 10 za ta ci maka kusan dubu 227 duk wata, in ka ce a ninka maka lokacin zuwa shekara 20 don ka samu sa'ida sai ta dawo wajen dubu 210. Ƙarin shekara goma cur, ragin bai kai dubu 18 ba! Idan ruwa ya yi tsada tsawaita lokaci ba ya ceton kowa, kuma ka tambaya ko ruwan a tsaye yake ko yana motsi duk sanda Babban Banki ya taɓa nasa.

Mai kwamfuta ya buɗe Excel ya rubuta =PMT(6%/12,240,-10000000), wato ruwan shekara a raba 12, da yawan watanni, da adadin bashin, zai fito masa da biyan wata, ya yi ta canza lambobin yadda yake so.

Duk wannan fa bai haɗa da kason da za ka fara ajiyewa daga aljihunka ba, da inshora, da kuɗin lauya, da na masu ƙiyasta darajar gida, da la'adar dillali, da zirga-zirgar neman sa hannun gwamna a kan takardun fili, tunda dokar filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili sai da amincewarsa. Gidan da ba shi da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, ma banki ba zai saurare ka ba. Abu ɗaya mai ɗan daɗi, tun 2022 hukumar fansho PenCom ta yarda mutum ya ciri har kashi 25 na kuɗin da ke asusun fanshonsa ya biya wancan kason na farko.

Na san wani tun daga sama yake cewa malam duk wannan ai riba ce, kuma damuwa ce ta gaske, da yawa sun gwammace su yi shekara goma suna ɗora bulo ɗaya-ɗaya a kan su taɓa ta. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz suna da nasu tsarin, ko su sayi gidan su sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kai tun farko, ko su ba ka haya wadda ƙarshenta gidan ya zama naka. Can ma lissafin bai sauka daga wuyanka ba, ka ce su buga maka jadawalin biyan tun daga watan farko har na ƙarshe, ka tara jimillar da kanka, in haya ce kuma ka tambaya ko za a riƙa sabunta kuɗinta, kuma duk bayan shekara nawa.