Daga Munik zuwa Civitavecchia a jirgin ƙasa, da tikiti biyun da har yanzu suke ci mini rai

Abokina da muka yi karatu tare ya daɗe a Munik, tun yana gwauro har ga shi yanzu babban ɗansa ya fi shi tsawo, kuma duk wayar da za mu yi maganar ɗaya ce, yaushe za ku zo. To da muka kama ɗaki ni da madam a jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa a Bahar Rum, sai muka ce a haɗa tafiyar kawai, mu fara sauka wajensu, in an gama zumunci mu hau jirgin ƙasa mu gangara Italiya inda jirgin ruwan zai tashi.

Zaman Munik kam sai godiya. Wani abokin namu ma ya taso daga Augsburg da iyalinsa, aka yi ta hira har tsakar dare, aka yi wa juna gaisuwar iyayen da suka rasu wadda a waya kaɗai aka yi ta a baya, wallahi akwai daren da dukkanmu muka yi shiru kowa idonsa ya kawo ruwa. Shi ya sa da ranar tafiya ta matso ya kafe lallai sai mun ƙara kwana. Ya ce mutumina ai jirgin naku sai yamma zai tashi, ku bi na dare ko ku yi sammako, me za ku je ku yi a otal alhali ga gida. Har na fara karkata. Uwargidansa ce ta ce Abban yara don Allah ka ƙyale su su tafi, jirgin ruwa ba ya jiran kowa, gara su kwana suna kallonsa. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, don maganarta ce ta ceci tafiyar gaba ɗaya.

Abin da ba kowa ya sani ba, in takardar jirgin ruwa ta ce Roma, to ba Roma ba ce. Civitavecchia ake nufi, gari ne a bakin teku wajen kilomita 80 daga Roma, sai ka sake hawa wani ƙaramin jirgin ƙasa na sama da awa ɗaya. Wato jirgi uku ke gabanmu: Munik zuwa Bolonya, Bolonya zuwa Roma a mai gudun nan da ke yin wajen awa biyu, sannan ƙaramin. Tikitin farko a shafin intanet ɗaya na saya, na biyun kuma a wani shafin daban saboda ya fi araha in ka saya da wuri, na bar tazarar kusan awa guda a Bolonya, wadda duk mai hankali zai ce ta isa.

Hanyar kanta ba a magana. Ka bar Jamus ka shiga Ostiriya, ka wuce Innsbruck, jirgi ya yi ta hawa har mashigar Brenner mai tsayin mita 1,370 inda iyakar Italiya take, daga nan sai gangara ta Bolzano da Trento, gonakin inabi da tuffa hagu da dama, duwatsu a samanku. Madam ba ta ajiye waya ba don ɗaukar hoto. Sai dai kafin mu kai Verona jirgi ya tsaya cak a wani wuri da ba tasha ba, aka yi sanarwa wai matsala ce a layi, muka zauna, aka ɗan matsa, aka sake tsayawa. Ina kallon agogo tazarar nan tawa tana narkewa har ta ƙare, muka shiga bashi.

Ko da a ce mun iso da saura minti goma ma ba na jin za mu samu, don jirage masu gudu a Bolonya can ƙarƙashin ƙasa suke tsayawa, sai ka yi ta sauka hawa bayan hawa, ga akwatuna manya biyu, ga layi a bakin lifta. Na je wajen masu tikiti da ƙarfin gwiwata, a tunanina tunda ba laifina ba ne za a sa mu a na gaba. Matar ta duba ta ce tikitin nan mai rahusa ne, ba a canza shi bayan jirgi ya tashi, kuma jirgin da ya makarar da ku ba a kan wannan tikitin yake ba. Shi ke nan fa. Da a ce tikiti ɗaya ne tun daga Munik har Roma, dole su kai ka inda za ka ba tare da ƙarin ko sisi ba, amma da yake biyu ne daban, kowanne harkarsa daban, na biyun bai san da zaman na farkon ba. Haka na sake sayen kujera biyu a farashin ranar, ya haura ninki biyun abin da na biya da farko. Abin da ya fi ba ni haushi, lokacin saye babu inda aka fito da wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro yadda mutum zai gani, farashi mai sauƙi kawai ake tura maka a gaba.

Dare ya yi sosai muka shiga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, kuma nan ma wani aikin ne, don jiragen Civitavecchia yawanci daga layukan can ƙarshen tasha suke tashi, na 25 zuwa sama, tafiya ce ta kusan minti goma da kaya. In tikitin takarda ka saya na ƙaramin jirgin kada ka manta ka buga shi a na'urar da ke bakin layi kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. Muna zaune a taragon nan kusan mu kaɗai madam ta ce yanzu da yau ne jirgin ruwan fa? Ban iya ba ta amsa ba. Jirgin da aka ce zai tashi da yamma, ana rufe karɓar fasinja tun awa ɗaya ko biyu kafin nan, wanda ya makara kuma shi zai nemi hanyar da zai tarar da shi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, Marseille ce ko Basalona, kwanan da ya rasa kuma ya tafi kenan.

Da safe muka fito a natse. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa jikin jirgin ma ba taku biyu ba ne, tashar ruwan babba ce, sai ka je inda ake kwasar fasinja sannan bas ta kai ka bakin naka jirgin. Manyan akwatuna a ƙasa ake karɓa, ba za ka sake ganinsu ba sai can da yamma a ƙofar ɗaki, don haka fasfo da magani da cajar waya su zauna a jakar hannu. Kafin a tashi sai da kowa ya je ya ga inda zai taru in an samu hatsari da yadda ake sa rigar ruwa, an tsaurara wannan ne bayan hatsarin da wani jirgin yawon shaƙatawa ya yi a 2012 kusa da tsibirin Giglio inda mutum 32 suka rasu, kuma daga wannan tashar ta Civitavecchia wancan jirgin ya taso a ranar. Ban ga wanda ya yi wasa da wannan atisayen ba. Maganar biza kuma, ta Shengen ɗaya ta ishe ka Jamus da Ostiriya da Italiya da Faransa da Sifaniya, amma a duba hanyar jirgin da kyau, in zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya to an fita yankin Shengen kenan, sai bizar da ke ba da damar shiga sau da yawa.

Duk mai niyyar irin wannan tafiya, don Allah ya sayi tikiti ɗaya daga farko har ƙarshe ko da ya fi tsada, in kuma dole sai an raba to ya bar awa biyu ko uku a tsakani, ya zauna ya sha shayi a tasha. Kuma ya kwana a garin da jirgin yake, komai daɗin hirar abokai. Na cike takardar neman diyya daga baya, don dokar Tarayyar Turai ta ce in jinkiri ya kai awa ɗaya a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai awa biyu rabi. An biya ni kuwa, amma na tikitin farko kaɗai. Na biyun da ya ƙone da sabon da na saya a Bolonya babu wanda ya ko kalle su.