Masu gwada talla kafin ta iso wayarka

Duk tallar da ta faɗo maka a waya kana tsaka da wasa ko karanta labarai, akwai wanda ya zauna ya kalle ta har ta gundure shi kafin ta iso gare ka. Sana'armu ke nan. Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a Kaduna, muna karɓar aikin gwaji daga kamfanonin ƙasashen waje masu haɗa manhajar talla. Su ne ke rubuta manhajar, mu kuma mu riƙe waya a hannu mu yi ta tsokanar ta har ta nuna inda take da rauni.

Tallar waya iri-iri ce. Akwai 'yar siririyar nan da ke maƙale a ƙasan sikirin, mai faɗin ɗigon sikirin (pixel) 320 da tsayi 50. Akwai mai rufe fuskar wayar gaba ɗaya. Sai kuma bidiyon lada, wanda in ka daure ka kalla har ƙarshe za a ƙara maka rai ko tsaba a cikin wasa. Da shi nake fara horar da sabon yaro. Zai kalla ya ga lada ta shigo, ya ɗago ya ce, "Oga, lafiya lau take." Sai in ce ya koma. Ya rufe ta a tsakiya. Ya juya wayar a kwance. Ya sa abokin aikinsa ya kira shi bidiyon na tafiya, ya kashe data ya kunna, ya danna komawa baya sau biyu da sauri. A nan abubuwa ke fitowa: lada ta shigo sau biyu, ko tallar ta rufe amma sautinta na ci gaba, ko alamar X ta shige ƙarƙashin ramin kyamara, mutum ya rasa hanyar fita sai ya kashe manhajar.

Wannan duk ido na iya gani. Inda kuɗin yake kuwa, ido ba ya kaiwa.

Mai talla yawanci yana biya ne kan kowane kallo dubu. To wa ke ƙirgawa? Wayar ce da kanta ke aika ɗan saƙo zuwa kwamfutocin kamfanin talla cewa an nuna. A bidiyo, bisa VAST, tsarin tallar bidiyo na IAB, ƙungiyar kamfanonin tallar intanet, akwai saƙon farawa, na kwata, na rabi, na kwata uku, da na kammalawa. Ma'aunin da masana'antar ta yarda da shi kuma ya ce ba a lissafa talla a matsayin wadda aka gani sai rabinta ya bayyana na daƙiƙa ɗaya, bidiyo kuwa daƙiƙa biyu. Saboda haka muke haɗa waya da kwamfuta ta Charles Proxy, manhajar da ke nuna saƙonnin da waya ke aikawa, mai gwaji ido ɗaya kan tallar, ɗaya kan jerin saƙonnin da ke fita. In saƙon nunawa ya fita sau biyu, an ci kuɗin mai talla. In bai fita ba, mai manhajar da tallar ta fito a cikinta ya yi aikin banza, ba za a biya shi ba. A fuskar waya kuwa komai tsaf, kamar mudun da aka ɗan bubbuge gindinsa, mai saye ba zai taɓa lura ba. Yaron da ya fara kama irin wannan da kansa, shi nake sa wa ido, don na san zai yi nisa.

Doka ɗaya ba na sassautawa a kanta: ba a danna tallar gaske. AdMob, dandalin Google na saka talla a manhajojin waya, yana ba da tallace-tallacen gwaji na musamman. Wanda ya yi ta danna ta gaske da sunan gwaji yana iya jawo a rufe asusun abokin ciniki, mu kuma kwangila ta tafi.

Mutane kan tambaye ni me ya sa Bature zai kawo aikinsa Kaduna. Araha na ciki, ba na musu. Amma akwai wayoyin da ke aljihun teburina: itel, Tecno da Infinix masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, wasu sikirin a fashe, ga sabis da ke sauka daga 4G zuwa 3G ba sallama. Injiniyan da ke can da sabuwar iPhone da intanet mai gudu ba zai ga abin da talla mai nauyi ke yi wa irin wannan waya ba. Duk da haka dole mu ma mu ajiye iPhone, domin tun 2021, daga iOS 14.5, tsarin da iPhone ke aiki da shi, sai manhaja ta nemi izinin mutum kafin ta bi diddiginsa, kuma hanyoyin biyu, ya yarda ko ya ƙi, kowacce sai an gwada.

Wajen ɗaukar ma'aikaci ba digiri nake fara tambaya ba. Takardar ISTQB, shaidar ƙwarewa a gwajin manhaja, tana taimakawa, amma rubutu nake dubawa. "Talla ba ta aiki" ba rahoto ba ne. A Jira, manhajar da muke rubuta rahoton matsala a ciki, ana so a ga wace waya, wane Android, me ka danna da farko, me ya biyo, me ya kamata ya faru, me ya faru, ga bidiyo ga bayanan da wayar ta ajiye. In ba haka ba injiniya zai amsa da cewa a wajensa tana aiki, ya rufe maganar.

Abin da ke korar yara shi ne maimaici. Duk lokacin da aka fitar da sabon salon manhaja sai a koma kan jerin gwajin nan tun daga farko, har wanda aka yi makon jiya. Wasu sukan gaji su tafi. Wasu kuma su koyi rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta yi gwajin da kanta, albashinsu ya wuce abin da zan iya biya, su ma su tafi. Shi ya sa kusan kowane lokaci akwai sabon yaro a teburin kusa da ƙofa, da itel a hannu.